Gawayi a Bango

A Rigasa, bayan layin dogo,
inda jirgi ke girgiza mana kwanon rufi,
nan na turke farin sa,
ƙaho ɗaya na duban gabas, ɗaya na duban ƙasa.
Wata huɗu ina zuba masa dusa,
harawa, ƙaiƙayi, ɗan gishiri da kanwa,
har tozo ya fara rawa.

Daren Talata tari ya kama shi.
Ya ƙi tuƙa, hanci na zuba.
Likita Kuyet ta zo a bayan babur,
takalmin roba har gwiwa,
ta soka masa allura a wuya,
ta juya kwalba, ta ɗora yatsa kan rubutu:
"Baba Tanimu, kwana ashirin da takwas.
Kafin su cika, wuƙa ba ta da hurumi a nan.
Maganin na kwance a tsoka,
a hanta, a ƙoda, bai gama wucewa ba.
Doka ce ta ce.
Ko doka ba ta ce ba, cikin mutane za shi."

Ban yi boko ba. Gawayi na ɗauka,
kullum in na sallame asuba
in ja zane guda a bangon turke.

Zane biyar, sai ga Ɗan'asabe da ƙullin leda,
hoda ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa.
"Cokali biyu a dusa,
sati uku ka ga giwa."
Na ce, hukuma fa ta hana.
Ya yi dariya har haƙorin Makka ya fito:
"Hukuma tana ofis, sa yana gida."
Maƙwabcina ya saya.
Na ga nasa ya kumbura kamar salka,
yana haki a inuwa, ƙiba ba ƙarfi,
ka danna cinya, yatsa ya lume.

Zane goma sha ɗaya, Sallau mahauci ya yi sallama,
aljihu ya rinjayi riga.
Ya shafa tozo, ya ɗaga wutsiya,
ya faɗi kuɗin da ban taɓa riƙewa ba.
Mai gidan haya ya aiko sau biyu.
Hansatu na jiran kuɗin jarrabawa.
"Wa zai sani?" in ji Sallau.
"Mai duba nama a kwata ido gare shi,
yana ganin ƙurji a huhu, tsutsa a hanta.
Ido ba ya ganin allura."

Na yi shiru. Bara ta dawo min:
jikana Ila, kwana tara a gadon asibiti,
allura uku aka sauya, zazzaɓi na nan daram.
Likita ya ce ƙwayar cutar ta saba da magani,
ta sha shi kaɗan-kaɗan har ta raina shi.
Ban tambaye shi a ina ta sha ba.
Yau na dubi bango,
na ji tsoron amsa.

Na ce, Sallau, saura goma sha bakwai.
Ya ce, kasuwa ba ta jiran gawayi.
Ƙofa ɗaya ya tsallake.
Kafin la'asar an ɗora kumburarren a mota,
mutum shida na turi, yana nishi.

Ba zan ce na ci riba ba.
Dusa ta ƙara kuɗi, mai gida bai daina aike ba,
ba kuma wanda zai zo ya ƙirga zanena.

Bayan isha'i Hansatu ta shigo
da tsire a takarda, daga bakin tasha.
Ƙamshin ƙuli da yaji ya cika zaure.
Ta miƙo min tsinke guda.
Na karɓa.
Ban ci ba, ban mayar ba,
ina juya shi a hasken fitila:
kai kuma, daga turken wa?
Zane nawa aka yi maka?

Can a duhu sa na tuƙa,
a hankali, kamar mai lazimi.
Gawayina na kan taga.
Gobe goma sha biyu.